Sabon haɗin inji: a fara hawa ko a jira mai saiti?

Mai_Akorikura:
Assalamu alaikum. An gama haɗa injin a-kori-kura mai silinda takwas, na fetur. An goge silinda, an sa sababbin fistin da ringi da metal (faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai), an canza kamshaf zuwa mai ɗaga bawul sosai, kuma nozul ɗin da ke fesa fetur sun fi na asali girma. Mai saitin ƙwaƙwalwar motar ya ce sai nan da mako uku. Shin in tayar da injin in fara hawa a hankali, ko in bar shi har ranar? Kuma wane baƙin mai ya kamata?

Tsohon_Makaniki:
Wa alaikumus salam. Malam, maganar nozul ɗin nan ita ce ta farko. Ƙwaƙwalwar motar lissafin tsofaffin nozul take yi, za ta riƙa buɗe manyan na tsawon lokacin da ta saba, fetur ya yi yawa. Rarar fetur ɗin yana wanke man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa gogar busasshen ƙarfe, sauran kuma ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man. Ko dai ka mayar da nozul na asali har ranar saiti, ko mai saitin ya ɗora maka saitin wucin gadi da ya san girman sababbin. In kana da na'urar auna iska da fetur a salansa, a sulo da tafiyar sauƙi ta riƙa nuna kusan 14.7, wato iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya. In ta zauna a 11 ko 12 alhali ba ka taka totur ba, fetur ya yi yawa, kashe motar.

Kafin tashin farko, a tura mai ya zaga injin har gejin ya nuna ƙarfi. In injin mai distiributa ne, ana cire ta a juya famfon mai da na'urar huda. A saita tayimin tun da wuri don ya tashi da bugu ɗaya ko biyu, domin doguwar juyawa da sitata tana share man shafawar da aka sa wa kamshaf. Ya tashi, daƙiƙa goma ba ƙarfin mai, a kashe.

Ba ka faɗi irin tafet ɗinka ba, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa ya ɗaga bawul. In mai shafaffen ƙasa ne, da ya tashi ka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, kana ɗan hawa da sauka, na minti 20 zuwa 30. Kada ka bar shi a sulo ko kaɗan, saboda man da karanshaf ke watsawa ne yake jiƙa kamshaf, a sulo kuwa ba ya isa. Wanda ya yi gaggawa a nan kan cinye kan kamshaf, garin ƙarfen ya bi duk injin. In tafet mai taya ne, wannan matakin bai zama dole ba. Mutum ɗaya ya tsaya kan gejin zafi, wani ya riƙa leƙa ƙasa ko akwai yoyo.

Gejin_Mai:
Maigida ya gama da tashin farko. Ni "hawa a hankali" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Ƙarfin sifirin ɗin ringi kaɗai ba ya zaunar da shi. Matsin wutar da ke cikin silinda ne ke shiga bayansa ya danna shi a bango, kuma kaifin layukan da aka goge a silinda ba ya daɗewa. In aka lallaɓa injin har layukan suka yi santsi ringi bai zauna ba, shi ke nan, zai yi ta shan mai yana shuɗin hayaƙi, maganinsa sai an sake kwancewa.

Bayan injin ya yi ɗumi, samu hanya marar cunkoso. A giya ta uku, taka totur rabi zuwa kashi uku cikin huɗu daga kilomita 50 zuwa 90 a awa, sai ka saki ƙafa injin ya rage gudun da kansa ba tare da birki ba. Sakin nan yana jawo mai sama ya wanke garin ƙarfen. Maimaita kamar sau goma. Daga nan har kilomita 800, kada ka riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci, kada ka danne shi a babbar giya yana kakari, kada ka kai shi ƙarshen juyi, kuma banda jan tirela. In ka ji ƙarar ƙas-ƙas lokacin taka totur, saki nan take, tayimin ya yi gaba da yawa ko fetur ya yi kaɗan.

Mai_Akorikura:
Na gode ƙwarai. Tafet mai shafaffen ƙasa ne. Saura maganar mai.

Tsohon_Makaniki:
To nemi man da aka yi musamman don sabon inji, mai sinadarin zinki da yawa, wanda ake rubuta ZDDP a jikin galan ɗinsa. Man ƙananan motocin zamani an rage masa shi. Sintetik ka bar shi tukuna. Akwai motocin da ke fitowa da shi daga kamfani, amma gugar silindarsu ta injin masana'anta ce, ba a haɗa ta da ta gareji.

Yi juye da canjin filta bayan minti 30 ɗin farko, ka sake a kilomita 800. Yanka tsohuwar filtar ka buɗe takardar. Ɗan ƙyalli kamar ƙura ba komai, amma ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe daga metal yake, a tsaya a bincika. Sake duba tazarar bawul in mai saitawa ne. Notin kan silinda kuma, bi umarnin masu gaskit ɗin, wasu ana sake ɗaure su bayan injin ya huce, notin da aka ƙera su miƙe wajen ɗauri kuwa ba a taɓa su.

Kafin ka kai wa mai saiti, a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Shi zai taka injin har ƙarshe a kan na'urar gwaji, kuma in ringi bai zauna ba, lissafin da ya yi ranar ba zai dace da injin ba bayan wata guda.