Shawarwari kan shiga ƙungiyar masu buƙata ta musamman

Da aka tattauna kan halin da masu lalurar nakasa ke ciki, shawarar da ta fi fitowa ita ce kada mutum ya kulle kansa a ɗaki, ya nemi 'yan uwansa masu irin lalurarsa. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tun da can akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu masu tattara jama'arsu.

An fi daɗewa kan batun sana'a, kuma ya cancanta. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa tana ƙera kekunan guragu. Za ka ga mutum zaune a ƙasa yana walda, ya lanƙwasa bututun ƙarfe, ya ɗaura sarƙar da za a riƙa murzawa da hannu. Matashin da ya koyi wannan ya samu abin yi, ya kuma samu abokan hira. Wasu suka ƙara da adashi tsakanin mambobi, amma suka ja kunne a riƙa rubuta kowane zubi.

Sai batun haƙƙi. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Najeriya a 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Mutum ɗaya da wuya a saurare shi a ofis, amma ƙungiya kamar JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, tana da baki.

Iyaye kuma aka roƙe su su daina ɓoye 'ya'yansu, musamman mata, su kai su taro da makaranta.