Camry Muscle ko Accord Evil Spirit, wacce zan ɗauka wa iyali?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar mota. Ni ma'aikaci ne a Zariya, matata ɗaya yara huɗu, babban shekararsa 13, kuma kusan duk ƙarshen wata sai mun je Funtua gaida Hajiya, lokacin sallah ko biki kuma har Katsina wajen dangin maman yara. 406 nake hawa shekara tara kenan, ta yi min komai wlh amma yanzu ta gaji, yara kuma sun girma. Na sayar da wani ɗan fili na haɗa da kuɗin adashi, in na sayar da 406 ɗin ma za a ƙaru, to sabuwa dal dai na tambayi kuɗinta na san ba layina ba ne, sai ta hannu. Dillalai biyu na yi wa magana, ɗaya ya nuna min Camry Muscle ya ce 2010 ce Beljiyam, ɗayan kuma Accord Evil Spirit 2009 ta ɗan fi sauƙin kuɗi, akwai kuma wani abokin aikina da zai sayar da Camry 2008 da ya hau shekara huɗu, ita ta fi su araha duka. Abin da nake so mota mara shan mai sosai, wadda kayan gyaranta ba za su wahalar da ni ba, wadda zan ɗebi iyali cikin dare in ta kama ban ji tsoron ta tsaya mana a daji ba. Kuɗin nan da wahala na tara shi, bana son in yi kuskure. Na gode.

Injiniya Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam Malam. Shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran motocin Japan, bari in faɗa maka abin da na sani.

Muscle ɗin nan da mutane suke kira da suna ɗaya ba iri ɗaya ba ce. Daga 2007 zuwa 2009 inji mai lita 2.4 ne a ciki da giya biyar, daga 2010 zuwa 2011 aka canza aka sa 2.5 da giya shida. Injin 2.4 na waɗancan shekarun an san da yawansu da shan baƙin mai, matsalar ringin fistin ce, har a can Amurka kamfanin ya ƙara wa masu motocin wa'adin garanti saboda ita. Ba duka ke yi ba, amma wadda take yi za ka ga ka yi juye yau bayan sati uku ka zaro sandar awo ka ga mai ya sauka, mai ita in bai lura ba sai dai ya ji inji ya buga a hanya. 2.5 ɗin ya fi lafiya ta wannan ɓangaren, ya fi ɗan ƙarfi kuma a doguwar hanya ya fi tattalin fetur saboda giya ta shida.

To amma ga inda ake cutar mutane, sai a ɗauki 2007 ko 2008 a canza mata bamba da fitilu da girin gaba a ce maka 2010 ce. Kar ka yarda da bakin kowa, ka duba lambar shasi da kanka, tana nan a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, guda 17 ne haruffa da lambobi. Ka ƙirga na goma, in ka ga 7 to 2007 ce, 8 2008, 9 2009, in A ne 2010, B kuma 2011. Sannan ka buɗe bonet akwai takarda manne a ciki da ke nuna girman inji. Wannan minti biyu zai ɗauke ka amma zai iya tsare maka kuɗi masu yawa.

In za ka je gani ka ce kar a tada ta kafin ka zo, ka je da sassafe inji na sanyi, kai za ka fara murza makulli. Ka saurari ƙarar farko, ka sa wani ya tsaya bayan salansa ya ga ko hayaƙi mai shuɗi-shuɗi zai fito. Da ka kunna makulli kafin ta tashi duk fitilun dashbod su kama, na inji da na birki wato ABS da na jakar iska, bayan ta tashi su mutu, in akwai wanda bai kama ba tun farko to an cire ƙwan ne ko an liƙe shi don kar ka gani. Ka kai ta a sa mata kwamfuta, kuma ba wajen wanda dillali ya zaɓa ba. A ɗaga ta sama a duba ƙasa, tsatsa, walda a shasi, yoyon mai, a duba ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, na nan don ana yanke shi a sayar. Ka hau ta aƙalla rabin awa da esi a kunne ka ji yadda giya ke shiga, in tana fizga ko tana jinkiri ka bar musu kayarsu.

Ni a cikin ukun nan in 2010 ɗin ta tabbata 2010 ce kuma ta wuce duk wannan gwajin, ita zan ɗauka.

Abu Sudais KD:

Injiniya ya yi bayani mai kyau Allah ya saka, amma ni ban yarda a ture Accord gefe haka kawai ba. Evil Spirit 2010 nake hawa shekara biyar, Kaduna Abuja Kaduna Kano, wlh ko sau ɗaya ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Malam kana da yara huɗu fa, ka je ka zauna a kujerar baya ta Accord ɗin ka zauna ta Camry ka ji bambanci da jikinka, ta 2008 zuwa 2012 ta fi faɗi, kuma a kan titi ta fi zama, in kana gudu ba ta yi maka lilo. Injin 2.4 na Honda kuma inji ne mai jure wahala, taimin ɗinsa sarƙa ce ba bel ba.

Maganar da ake yi cewa Honda tana cire taya, wannan ya fi yawa a Accord ɗin da suka gabace ta, waɗanda ake ce wa End of Discussion da Discussion Continues, 2003 zuwa 2007, kuma in ka bi diddigi yawanci an sa bol joyin na jabu ne ko an ji ƙara an share wata da watanni. Ni duk juye biyu sai na sa an ɗaga gaba an girgiza taya an duba, in zan canza kuma na asali nake saye ko da ya ninka kuɗi. Abin da zan yarda da shi, ƙafarta ta fi ta Camry son kulawa, kuma ba ta son a zuba mata kowane irin man giya, nata na Honda za ka nema. Sannan ka guji V6, wato babban inji mai silinda shida, ko a Camry ko a Accord tunda ka ce tattalin mai kake so, tun da aka cire tallafi a 2023 duk wanda na sani mai V6 kuka yake, wasu sun koma sun sa gas. Ranar sayarwa kuma Camry ta fi saurin fita da riƙe daraja, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ba, shi ya sa ma tun farko Accord ɗin ta fi sauƙi.

Maman Khairat:

Yayana ni ba makanikiya ba ce amma abin da ya same mu zan faɗa maka ko zai yi amfani. Shekara biyu da suka wuce maigidana ya sayi Beljiyam wajen wani dillali, mota fes kamar a lashe, ƙamshi kawai take, ashe ta sha ruwa ce a can, irin waɗanda ambaliya ta cinye inshora ta biya mai ita aka yi gwanjonsu. Wata biyu lafiya lau, daga nan gilashi ya daina sauka, yau hon ya yi ƙara shi kaɗai gobe fitila ta ƙi kamawa, rannan muna dawowa daga Gusau da yara da magariba ta mutu mana tsakiyar hanya, wlh ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ƙaramar tana ta kuka ni ina ta addu'a har Allah ya kawo wani mai tifa ya taimaka. Da mai gyaran wuta ya ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo a ƙasa, wayoyi duk sun yi kore. Da asara muka rabu da ita, kuma sai da maigidan ya faɗa wa wanda ya saya gaskiyar abin da ke damunta.

Don haka dan Allah ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa, ka buɗe but ka cire safaya ka duba ramin. In ka ji an fesa turare ya yi yawa ka tambayi kanka me ake rufewa. Daga baya ƙanina ya nuna mana ashe da lambar shasin nan ana bincikawa a intanet, a biya kuɗi kaɗan a Carfax ko makamancinsa a ga tarihin motar, wani lokaci har hotunanta na wajen gwanjo za ka gani, ko hatsari ta yi ko ruwa, da mil nawa ta ci kafin a mayar da shi baya. Mu ba mu sani ba a lokacin.

Ni a ganina kar ka raina ta abokin aikinka. Mutumin da kuke gaisawa kullum, ka san gidansa ka san inda yake kai ta gyara, ya fi wanda ba za ka sake ganinsa ba bayan ya karɓi la'adarsa. Ka tambaye shi tsakaninsa da Allah tana rage baƙin mai ko ba ta yi.

Alhajin Jibiya:

Baban Ilham duk sun yi maganar inji da jiki, ni takardu zan ja maka kunne a kai. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, aka ce sai ta tashar ruwa, to amma ba a daina biyo da su ta daji daga Kwatano da Maraɗi ba, sai a haɗa musu takardar kwastan ta bogi ko a biya kuɗin da bai kai ba. Kai da kake zuwa Katsina ka san shingayen da ke hanyar nan, in aka tare ka aka buga lamba ba ta fito ba, da iyalinka a ciki za a sauke ku, kuma kai za ka biya ba dillali ba. Kafin ka ba da ko sisi ka karɓi kwafin takardun ka je ofishin kwastan da ƙafarka a tantance, ka tabbata lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin mota harafi da harafi. In dillali ya fara cewa ai ba sai an je ba Alhaji ka yarda da ni, to a nan za ka tashi.

Ta abokin aikinka ma a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a yi canjin mallaka yadda ya kamata, zumunci daban ciniki daban. Kuma kar ka zuba duk abin da ke hannunka a kan sayen, Beljiyam ko ta fi kowacce kyau sai ka yi mata lamba da inshora, ka juye baƙin mai da na giya, sau da yawa taya huɗu da batir, don tayoyin da suke zuwa da su wasu na ƙasar sanyi ne wasu sun tsufa, zafin titinmu na watan Afrilu fasa su yake. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka duba.

Injiniya Ƙofar Ruwa:

Maman Khairat ta yi gaskiya a kan ta abokin aiki, ban ce a ƙi ta ba. Tunda kuna tare gwajin ma mai sauƙi ne, ku yi juye tare ka ga inda mai ya tsaya a sanda, ya hau ta sati biyu ko uku ku sake dubawa. Ka kuma duba ko an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, yawancin motocin da suka daɗe a nan an yi musu haka, yana sa ta ƙara shan fetur kuma wani lokacin alama ce ta taɓa yin zafi. Ka taɓa saman dashbod da rana, na Muscle da yawa yana narkewa ya yi danƙo yana ƙyalli a gilashi, ba ya hana tafiya amma abin rage kuɗi ne. Ka tambaye shi wane baƙin mai yake sa mata, injinan nan mai sirara aka yi su da shi, a kan murfin ma an rubuta.

Abu Sudais maganar faɗi haka ne, sai dai Malam ya ce Funtua da Katsina yake bi, in abu ya lalace masa a ƙaramin gari kayan Camry ya fi saurin samu kuma kowane bakanike ya san ta, dalilina kenan.

Baban Ilham:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wlh na ƙaru sosai. Maman Khairat Allah ya mayar muku da abin da kuka rasa. Yanzu na kira dillalin Camry na ce ya turo min hoton lambar shasi, ya turo, na ƙirga na goma na ga 8 ne ba A ba, na sake ƙirgawa sau uku. Da na faɗa masa sai ya ce wai haka aka kawo masa ita shi ma bai duba ba, na ce to na fasa. Na yi magana da abokin aikina ya amince ranar Asabar za mu yi juyen tare a gabana, Accord ɗin kuma zan je da maman yara da manyan yaran biyu su zauna a baya mu gani, na ce wa dillalinta kar ya tada ta sai na zo. Injiniya in na samo hoton takardar cikin bonet da sakamakon kwamfutar zan sa a nan ka duba min dan Allah.