Gidan burodin da na tsinta a bayan unguwar Misfala, Makka

Hajiyar Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mun dawo daga Umara lafiya. Dabino da zamzam suna gida, wanda ya zo zai samu, amma ga tsarabar baki. Kwana uku na farko a Makka burodin leda muke ci da shayi a masauki, har ya gundure ni. Rana ta huɗu muna dawowa daga sallar Asuba ta titin Ibrahim Khalil, sai na ga wasu ma'aikata suna shiga wani lungu, wasu na fitowa da burodi fato-fato kamar faifai, yana tururi. Na ce wa maigida mu bi su. Ashe ɗan shago ne wanda ko kujera babu, mutum biyu da tanderu. Ɗaya yana buɗa kwaɓin, ɗayan yana manna shi a jikin tanderun da wani abu kamar matashin kai, jim kaɗan ya zaro shi da ƙarfe. Tamis suke ce masa. Daga ranar har muka taho ban yi fashi ba.

Alhajin Kwari: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya karɓi ibada. To da me kika ci? In ba ki haɗa da ful ba, sai kin koma.

Hajiyar Fagge: Alhaji, ni da zan bar wake? Maƙwabcinsa ne mai ful ɗin, yana kwasowa daga wata tukunya mai dogon wuya, ya zuba man zaitun. Akwai kuma tamis mai cuku a ciki, da wani mai sukari da riɗi da suke kira biskot. Wannan ɗin jikokina kawai nake tunawa in ina ci.

Malam na Zariya: Mutanen Bukhara da Afganistan ne suka shahara da wannan sana'a a Hijaz. Ku duba kuma, tannur ɗinsu ai shi ne tanderunmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Jakara ya ga yadda ake gasa gurasa ba zai ga baƙon abu ba, sai dai nasu ya fi faɗi, kuma bai kai gurasa laushi ba in ya huce.

Hajiyar Fagge: Gaskiyarka, Malam. Na saka guda biyu a jaka don tsaraba, kafin mu sauka Kano sun zama fatar ganga.

Ɗalibin Azhar: Hajiya, kin sa na ji yunwa. Mu nan Alƙahira aish baladi ne abin. Kalmar aish ma rayuwa take nufi, kuma haka suka ɗauke shi. Akwai na tallafin gwamnati wanda ya shekara fiye da 30 a kan ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kobon Masar), sai a watan Yunin 2024 ya koma ƙirshi 20, amma wannan na masu katin tallafi ne, baƙo na kasuwa zai saya. Ana shimfiɗa shi a kan dusa kafin ya shiga wuta, shi ya sa ƙasansa ke da kaushi. Wanda nake zuwa yana Darrasa, ba shi da allon suna ma. Kekunan masu dako na bi, waɗanda ke ɗaukar katako guda na burodi a ka suna ratsa motoci. In kayan zaƙi ake so kuwa, a je El Abd a titin Talaat Harb, sai dai a shirya wa cunkoso.

Alhajin Kwari: Ɗana, ka dai riƙe karatu, kada burodi ya riƙe ka. Ni nawa a Istanbul yake. In na je sarin kaya a Laleli, simit nake karyawa da shi, zagayayyen nan mai rami a tsakiya. Ana tsoma shi a ruwan zaƙin inabi sannan a birkima shi cikin riɗi, shi ke ba shi wannan jan. Na jajayen amalanken bakin titi ba laifi, amma wani lokacin tun safe yake ajiye. Ku nemi shagon da aka rubuta fırın a goshinsa, nan ake gasawa. In azumi ya same ku a can, akwai wani burodin Ramadan mai suna pide, layinsa tun kafin Magariba yake farawa.

Uwargida daga Maradi: Duk ku gama yawonku ku zo ku ci baget, dogon burodinmu, da zafinsa, ba biza ba jirgi.

Amarya a Kaduna: Hajiya, don Allah kwatance nake so, wata mai zuwa za mu tafi in sha Allah. Kuma ba na jin Larabci ko kaɗan.

Hajiyar Fagge: 'Yata, ba kya bukatar Larabci. Ki ɗaga yatsu, ki nuna wanda kike so. Ki riƙe canjin riyal a hannu, kada ki miƙa musu babbar takarda ana tsakiyar layi. Ki je da an sallame Asuba, don in rana ta ɗaga ya fara sanyi. Lungun kuwa ba zan iya kwatanta shi a rubuce ba, lungunan Misfala kama suke da juna. Ranar da za mu taho ma sai da na shiga biyu kafin na ji ƙamshinsa. Ki turo mini sunan masaukinku, in tambayi maigida, shi ne ya riƙe hanya.