Wane suna za mu ba Bostal da Hausa? "Gidan kangararru" bai dace ba

Assalamu alaikum 'yan uwa Zage-zagi. Ina so mu tsayar da magana ɗaya kan sunan wurin da kotu ke tura matasan da aka samu da laifi, wanda ake kira Bostal. Abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne "gidan kangararru", ni kuwa sunan nan yana damuna ƙwarai.

Bostal dai sunan wani ƙauye ne a Ingila, inda aka buɗe irin wannan wuri na farko a 1902 don ware matasa daga manyan fursunoni. Ke nan babu abin fassarawa a jikin kalmar, aikin wurin za mu duba. Najeriya ta yi tata dokar a 1962 saboda 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma akwai irinsa a Kaduna da Ilorin da Abekuta, a hannun hukumar gidajen gyaran hali ta tarayya. Ana koyar da karatu da sana'o'i irin su kafinta da ɗinki, don yaro ya fita da abin yi a hannunsa.

Na manya mun riga mun sallame shi. Da can "gidan yari" ne, wato gidan da Yari, mai kula da ɗaurarru a masarauta, yake riƙe da shi, har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e. Da Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar 2019 wadda ta sauya wa hukumar suna, 'yan jarida suka koma cewa "gidan gyaran hali", ya kuma zauna daram. Yau ko na Ƙofar Doka a Zariya haka ake kiransa a labarai. To me ya hana na matasa samun irin wannan gata?

Kangararre shi ne wanda ya gagari kowa, aka ɗaga hannu a kansa. Yaron da ya saci waya sau ɗaya yana ɗan shekara 17 bai kai nan ba. In ya dawo unguwa aka ce daga gidan kangararru yake, wane mai shago ne a Sabon Gari zai ɗauke shi koyon aiki? Wa zai ba shi 'ya in lokaci ya yi? Sunan ya yanke masa hukunci na biyu wanda alƙali bai yanke ba.

Wata malama daga Samaru ta kawo "gidan horon yara". Malama, na gode, amma ina da ja a wuri biyu. Horo baki biyu gare shi: akwai na koyarwa, akwai na azaba, kuma tun da aka bankaɗo gidan marin nan na Rigasa a 2019, inda aka tarar da mutane cikin sarƙa, kunnen jama'a ya fi saurin ɗaukar na biyun. Sannan mai shekara 20 ba yaro ba ne.

Wani dattijo daga Tudun Wada, tsohon gandiroba, ya ja hankalinmu cewa muna haɗa wurare biyu a suna ɗaya. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan gaskiya ne, kuma a nan ne matsalar ta fi tsanani. Akwai gidan da gwamnatin jiha ke ajiye ƙananan yara kafin kotu ta gama sauraron ƙararsu. Waɗannan ba a ma tabbatar sun yi laifi ba, wasu a wanke su a sallame su, amma su ma kangararru muke ce musu. Wannan zalunci ne da baki. Tunda muna da "masu jiran shari'a" a gidajen manya, na yaran sai ya zama "gidan jiran shari'a na yara".

Shi kuma Bostal, abin da na tsaya a kai shi ne "makarantar gyaran tarbiyya". Na zaɓi makaranta ne domin wanda ya shiga ana sa ran ya kammala ya fita, kuma sunan zai riƙa tuna wa hukuma cewa wurin da babu malami da kayan aiki bai cika sharaɗinsa ba. Tarbiyya kuwa kalmar iyaye ce, ita ake yi wa na ƙasa, don haka ta bambanta shi da gyaran halin manya. Wani ƙanena a nan ya ce sunan ya yi tsawo. Ƙanena, "gidan gyaran hali" ma kalma uku ne, baki ya saba.

Akwai dalilin gaggawa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, kamar yadda kowace jiha a Amurka take da tata hukumar. In Kaduna ta tashi gina nata na matasa, sunan da ta tarar a bakinmu shi zai shiga sanarwa da labarai. Ma'aikatan rediyo da ke cikinmu, don Allah ku gwada shi a labaran wannan mako: "Kotu ta tura matashin makarantar gyaran tarbiyya ta Kaduna." Ku dawo mana da abin da masu sauraro suka ce.