Architecture na furosesa: ƙira ce, yare ne, ko zubi?

Na Ƙofar Soro:
Salamu alaikum. Muna shirya bayani da Hausa ga masu gyaran kwamfuta a Katsina kan Debian 13, babbar manhajar gudanar da kwamfuta ta Linux, wadda ta fito a Agustan 2025 ta daina ba wa i386 (architecture na tsofaffin furosesa masu bit 32) kenel, wato zuciyar manhajar, da faifan girkawa. Kalmar architecture ce ta tsaya mana. An kawo "zanen gini", amma wannan na magina ne. Ni "ƙira" nake so.

Ɗan Daura:
Wa'alaikumus salam Malam. Ƙira za ta rikitar da mutane, don mun saba cewa mota ƙirar Toyota. Mai gyara zai ɗauka ana nufin Intel ko AMD, alhali su biyun duk amd64 (architecture na masu bit 64) suke gudanarwa, manhaja ɗaya ta hau kowanne. Abin da ake nufi shi ne jerin umarnin da furosesa ke ganewa da yawan bit ɗin da yake sarrafawa a lokaci guda, 32 ko 64. Me zai hana "yare"?

Na Ƙofar Kaura:
Yare ya riga ya tafi ga yarukan rubuta manhaja irin su C da Python, Yallaɓai. Ina ba da shawarar "zubi". Bahaushe na cewa zubinsu ɗaya, wato tsari ɗaya ko da masu yin sun bambanta. Sai mu ce zubin 32 da zubin 64, zubin x86 na su Intel da AMD da zubin ARM na wayoyin hannu.

Kuma bayanin ya faɗi dalilin da ya sa Debian ta bar i386, kada a ɗauka rashin tausayi ne. Zubin 32 bai iya nuna wa manhaja ɗaya adireshin ma'ajiya (memory) da ya wuce gigabayit 4, shi ya sa haɗa manyan manhajoji irin Firefox a kansa ke wahala. Lissafin daƙiƙoƙin agogonsa ma zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Kowane zubi kuma yana buƙatar injinan haɗa masa manhajoji da masu gwaji, su kuwa sun yi ƙaranci.

Ɗan Daura:
Na yarda da zubi. Sai dai a ƙara wannan, yana da muhimmanci: na'urori da yawa zubin 64 ne aka girka musu tsarin 32. A buga umarnin lscpu mai nuna bayanan furosesa, in an ga 64-bit a layin op-mode, sabon girki kawai ake buƙata. Core 2 Duo na cikin masu zubin 64. Atom N270, Pentium M da Core Duo ne ba su da mafita, su zauna kan Debian 12.

Na Ƙofar Soro:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Na sa "zubin furosesa" a kan bayanin.