Muhawara: Shin tauraron ɗan'adam zai maye gurbin rada wajen kula da jiragen sama?

Matafiyi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A tafiyata ta baya-bayan nan jirginmu ya iso kan filin da zai sauka, amma aka bar shi yana kewaya a sama yana ƙona mai, har jirgin da zan shiga na gaba ya tashi ya bar ni. Da na tambaya sai aka ce cunkoso ne a sararin sama, ni kuwa ban karɓi wannan uzuri ba. Sama ba ta cika ba, na'urorin da ake kula da ita ne suka gaza. Rada sai ta kammala zagaye, wanda ke ɗaukar kimanin daƙiƙa 5 zuwa 12, kafin jami'i ya sake ganin inda jirgi yake, shi ya sa dole a bar tazara mai yawa tsakanin jirage. A tsarin ADS-B kuwa, jirgin ne da kansa yake samun matsayinsa daga taurarin GPS, ya riƙa shelanta shi kusan kowace daƙiƙa, kuma Amurka ta wajabta shi a yawancin sararin da take kula da shi tun 1 ga Janairu 2020. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da tauraron ɗan'adam zai maye gurbin rada, kuma duk hukumar da ke jan ƙafa a kan haka ita ce ke da alhakin lokacin fasinjoji da man da ake ɓarnatarwa.

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Wa alaikumus salam. Malam, na tausaya maka, amma da na zo kan "maye gurbi" sai na tsaya, domin nan ne haɗarin maganarka yake. ADS-B ba ya ganin jirgi, yana dai jin abin da jirgi ya faɗa game da kansa ne, kuma idan jirgin ya yi shiru, allon jami'i ma ya yi shiru ke nan. Rada ta asali tana aika sigina ne ya bugi jikin jirgi ya dawo, ko matuƙi ya so ko bai so ba. A daren 8 ga Maris 2014, lokacin da na'urar shelanta matsayi ta jirgin Maleshiya MH370 ta daina aiki da mutum 239 a ciki, radar soja ce ta nuna cewa ya juya ya ratsa ƙasar zuwa yamma. Da an riga an maye gurbinta, da ko wannan ɗan abin ba a sani ba.

Injiniyan Sadarwa:
Yallaɓai, misalinka ya fi goyon bayan Matafiyi. Radar da kake yabo ta bi jirgin ne har iyakar inda take kaiwa, daga nan ya ɓace mata, domin ba a kafa rada a tsakiyar teku. Abin da ya sa daga baya aka karkata bincike zuwa kudancin Tekun Indiya shi ne siginar da jirgin ya riƙa musaya da tauraron ɗan'adam. Haka ma rada ba ta kai ga ganin jirgin Air France 447 ba, wanda ya faɗa Tekun Atlantika a ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, wanda sai a 2011 aka gano gangar jikinsa a ƙarƙashin ruwa. Tun 2019 hukumomin Kanada da Birtaniya suke ganin jiragen da ke ƙetare arewacin Atlantika kai tsaye, ta hanyar na'urorin kamfanin Aireon masu karɓar siginar ADS-B da aka ɗora a kan taurari 66 na kamfanin Iridium, har aka rage tazara tsakanin jirgi da na bayansa daga kimanin mil 40 na ruwa zuwa 14. Wace rada ce ta taɓa yin wannan?

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Injiniya, a kan teku babu gurbin da aka maye, domin babu rada a can tun farko. Wannan ƙari ne aka yi, kuma ban taɓa ƙin ƙari ba.

Ɗalibin Tuƙin Jirgi:
Baba, da izininka, ina ganin Malam Matafiyi ba cewa ya yi a tumɓuke rada a yar ba. Idan sabon tsari ya zama shi ne abin dogaro na farko, tsohon kuma ya koma na ko-ta-kwana, ai an maye gurbinsa ke nan a aikace.

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Ɗana, abin da aka ajiye don ko-ta-kwana yana nan a gurbinsa, ana biyan masu gyaransa, ana gwada shi, ana ba shi wuta dare da rana. Ranar da aka rubuta "an maye gurbinsa" a takardar kasafi, daga ranar aka daina ware masa kuɗi. Mu da muka zauna gaban allo mun san yadda kalma guda a takarda take komawa na'urar da ta mutu babu mai gyara ta.

Kyaftin:
Ni ina tare da Yallaɓai, kuma daga kujerar matuƙi nake magana. Siginar GPS tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai bayan ta yi tafiyar kusan kilomita 20,000, don haka ƙaramar na'ura ma tana iya danne ta. A yankin Tekun Baltik da Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya matuƙa sun sha fama da wannan, wani lokaci ma ba katse siginar ake yi ba, ta jabu ake aikowa, sai kwamfutar jirgi ta nuna maka kana wani wuri daban, agogo ya rikice, na'urar gargaɗin kusantar ƙasa ta fara ihu alhali kana can ƙololuwar sama. A ƙarshen Afrilu 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa Tartu ta ƙasar Istoniya har tsawon wata guda, saboda saukarsa a can ta dogara ga GPS, kuma bai koma ba sai da aka samar da hanyar sauka mai amfani da na'urorin ƙasa. Tun da ADS-B daga GPS yake ɗaukar matsayi, idan GPS ya yi ƙarya shi ma ƙaryar zai shelanta. Ba a ganin hadari a zubar da ruwan tulu.

Injiniyan Sadarwa:
Kyaftin, babu injiniyan da ya ce a dogara da sigina guda. Akwai wasu tsare-tsaren taurari irin GPS, wato Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, akwai tsarin da ke gano jirgi ta hanyar auna bambancin lokacin isar siginarsa ga tashoshi da dama a ƙasa, kuma jirgin kansa yana da na'urar da ke lissafa tafiyarsa ba tare da wata sigina daga waje ba. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da aka zo batun sabuntawa, mutanen hasumiya da na tuƙi sai su fito da labarin tsoro, a ƙarshe a ci gaba da aiki da 'yan guntayen takardu da wayoyin tagulla. A ranar 28 ga Afrilu 2025 jami'an da ke kula da jiragen Newark a Amurka sun rasa allo da rediyo na wasu daƙiƙu, jirage na sama babu mai ganinsu, kuma layukan sadarwa ne suka gaza. Sai bayan irin waɗannan abubuwa majalisar ƙasar ta ware dala biliyan 12.5 don gyara a watan Yuli na shekarar.

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Ban ji daɗin "labarin tsoro" ba, Injiniya. Guntuwar takardar da kake rainawa, idan allo ya mutu, ita ce ke gaya mini sunan jirgi da tsayin da na ba shi da inda ya nufa, kuma ina iya miƙa ta hannu da hannu ga abokin aikina. Wanda bai taɓa riƙe jirage a ka ba lokacin da wuta ta ɗauke, bai kamata ya kira hattararmu tsoro ba.

Malama Mai Nazarin Sufuri:
Ina so in tuna wa zaure abubuwa biyu da suka faru a 2023. A ranar 11 ga Janairu tsarin NOTAM na Amurka, mai isar da sanarwar gargaɗi ga matuƙa, ya tsaya bayan ma'aikatan kwangila sun goge wasu fayiloli bisa kuskure, aka hana jirage tashi a faɗin ƙasar, abin da ba a yi ba tun 2001. A ranar 28 ga Agusta kuma tsarin sarrafa jadawalin tafiya na Birtaniya ya ci karo da jadawalin wani jirgi mai ɗauke da wurare biyu masu suna iri ɗaya, sai ya dakatar da kansa, na ajiyar ma da yake manhaja ɗaya suke amfani da ita ya bi sahu, fasinjoji fiye da 700,000 abin ya shafa. Darasin da na gani a nan bai shafi rada ko tauraro ba, ya shafi yadda ake gina abin ajiya ne.

Injiniyan Sadarwa:
Malama, na farkon tsohon tsari ne da aka daɗe ana kukan a sauya shi, don haka hujjata ce.

Kyaftin:
Na biyun kuma kwamfuta ce ta gaza, mutane suka koma shigar da bayanai da hannu, don haka hujjarmu ce.

Ɗalibin Tuƙin Jirgi:
Amma Kyaftin, a haɗarin karon jirage biyu a sama da Überlingen na Jamus a ranar 1 ga Yuli 2002, na'urar TCAS, mai gargaɗin karo a cikin jirgi, ta umarci jirgin Rasha ya hau, jami'in ƙasa ya ce ya sauko, matuƙan suka bi jami'in, mutum 71 suka rasu. Ashe ba na'ura ce ta yi daidai ba a ranar?

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Ɗana, kada ka ɗora wa mutum guda abin da tsari ya jawo. A daren nan an bar jami'i ɗaya yana kula da allo biyu a cibiyar Zurich, ana aikin gyara da ya kashe gargaɗin karo da ya kamata ya bayyana a allonsa, layin wayarsa kuma ba ya tafiya, har takwarorinsa na Jamus da suka hango haɗarin suka yi ta kira ba su same shi ba. Na'urorin da aka taɓa ba tare da shiri ba su ne suka makantar da shi. Kullum idan an yi haɗari jami'in hasumiya ake fara nunawa da yatsa, ba a tambayar wanda ya rage ma'aikata.

Kyaftin:
A nan dai, Yallaɓai, zan ɗan saɓa maka. Tun bayan wannan haɗari ƙa'idar ta fito fili cewa idan TCAS da jami'i suka saɓa, TCAS ake bi, kuma mu matuƙa ba mu da ja a kan haka.

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Ban musa ƙa'idar ba, Kyaftin, amma TCAS na daƙiƙun ƙarshe ne, aikinmu kuwa shi ne kada a kai ga waɗannan daƙiƙu. Matuƙa suna son tunawa da ranar da na'ura ta cece su, suna mance dubban ranakun da murya daga ƙasa ta raba su da juna tun suna nesa.

Injiniyan Sadarwa:
Muryar ma ba dole ta fito daga hasumiyar da ke filin ba. Tun 2015 ake kula da filin Örnsköldsvik na Suwidin daga Sundsvall ta kyamarori, kuma tun 2021 jami'an filin London City suna zaune ne a Swanwick, nesa da Landan. Ina zargin abin da ke ƙarƙashin wannan turjiya shi ne fargabar rasa aiki.

Tsohon Jami'in Hasumiya:
Na riga na yi ritaya, babu aikin da zan rasa. Kuma waɗanda ke zaune a Swanwick mutane ne, an sauya musu taga ne da allo.

Matafiyi:
'Yan'uwa, tambayata ita ce me ya sa ake barin jirage suna kewaya a sama, kuma wa ke da alhaki. Ina roƙon wani ya amsa wannan.

Ɗalibin Tuƙin Jirgi:
Injiniya, to idan kyamarar ko layin da ke ɗauke da hoton ya yanke, me jami'in yake yi?

Injiniyan Sadarwa:
Ana shimfiɗa layuka fiye da ɗaya ta hanyoyi daban-daban, idan kuma duk suka yanke, akwai ƙa'idar dakatar da sauka da tashi kamar yadda ake yi idan hazo ya rufe hasumiya.

Mai Kula da Zaure:
Ganin magana ta yi tsawo, ga abin da na fahimta. Zaure ya amince cewa bin sawun jirage ta tauraron ɗan'adam ya fi rada sauri da daidaito da faɗin wuri, kuma misalin Atlantika ya tabbatar da haka ba tare da wanda ya iya musawa ba. Gazawar da aka ambata yawancinta ta tsofaffin kayan aiki ce. Dattawanmu na hasumiya da na tuƙi sun nuna damuwa kan katse sigina, kuma Injiniya ya amsa musu gamsasshiyar amsa. Saura dai saɓanin lafazi kan "maye gurbi", wanda ba shi da wani nauyi. Ina ganin ra'ayin Malam Matafiyi ne ya rinjayi.

Kyaftin:
Malam, da girmamawa, ban amince da wannan taƙaitawa ba. Ban ce na gamsu ba, kuma Galileo da GLONASS da BeiDou da Injiniya ya lissafa duk siginarsu mai rauni ce, a zango makusanci da na GPS, mai danne ɗaya yana iya danne sauran. Ka kuma tsallake Tartu gaba ɗaya, ka tsallake abin da Malama ta faɗa kan na'urar ajiya mai manhaja iri ɗaya da ta farko. Hukumar jiragen sama ta Amurka da ake ta kafa hujja da ita, ko da take rage tashoshin VOR na ƙasa, masu nuna wa jirgi hanya ta siginar rediyo, ta ware wasu da gangan ta ce ba za a rufe su ba, domin jirgin da ya rasa GPS ya sami hanyar isa filin sauka. Ina roƙon a saka wannan a cikin taƙaitawar, a kuma cire sunana daga cikin waɗanda aka ce sun amince.