Wai da me ake auna zafin filasma a cikin tokamak?

Bakano_Fizis:
Salam 'yan uwa, masana fizis ku taimaka min dan Allah. An ce filasmar da za a riƙe a injin ITER, wani tokamak (injin haɗe ƙwayoyin zarra don samar da makamashi) da ake ginawa a kudancin Faransa, zafinta zai kai digiri miliyan 150, ninki goma na tsakiyar rana kenan. To wane irin mazubi ne zai ɗauki wannan bai narke ba, kuma da me ma ake auna zafin tunda ko ƙarfe ka tura ciki tururi zai koma?

Malam_Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ai ba a barinta ta taɓa bangon ne. Filasma gas ce da ta yi zafi har ilekturon suka ɓalle daga ƙwayoyin zarra, kowanne yana ɗauke da cajin lantarki, shi kuwa abu mai caji in ya shiga filin maganaɗisu sai ya riƙa nannaɗe layin maganaɗisun yana binsa, tsallakawa gefe ke masa wuya, shi yasa aka lanƙwasa layukan suka zagaye kamar tayar mota don kada a sami bakin fita. Kuma gas ɗin fa ɗan mitsitsi ne. Tokamak ɗin JET na Ingila da ya ba da makamashi megajul 69 a 2023, gas ɗin da ya ci miligiram 0.2 ne kacal.

Yar_Zariya:
Batun awo kuma leza ake harbawa ta tsakiyar filasmar, hasken ya bugi ilekturon ya watsu, daga yadda launinsa ya bazu ake lissafa gudunsu, gudun nan shi ne zafin. A 1968 da Rashawa suka ce tokamak ɗinsu T-3 ya kai kusan digiri miliyan 10 Turawan Yamma ƙin yarda suka yi, sai da masana daga cibiyar bincike ta Culham a Ingila suka kwashi lezarsu zuwa Mosko a 1969 suka auna da kansu, ashe gaskiya ne. A gefe-gefe inda zafin bai kai haka ba ana iya cusa ɗan tsinken ƙarfe na awo da ake kira Langmuir.

Dogo_Injiniya:
Malam ka sauƙaƙa abin da yawa wallahi. Filasmar nan bata da haƙuri, hargitsi take yi tana yoyon zafi ta gefe, wani lokacin ta ruguje gaba ɗaya ta daki bango ta yi ɓarna. Tokamak ɗin EAST na China daƙiƙa 1,066 ya riƙe ta a Janairun 2025, WEST na Faransa ya yi 1,337 a Fabrairu, minti 22 kenan fa.

Bakano_Fizis:
Allah ya saka da alheri. Malama Yar_Zariya, ita lezar bata dagula filasmar in an harba ta?